Makin da ke zama kuɗi: yadda jarrabawar sakandare ke biya wa ɗalibi jami'a a Amurka

A Amurka akwai wata jarrabawa ta awa 2 da minti 14 wadda yara da yawa ke shiga ɗakinta suna hamma, don an gaya musu gwaji ce kawai. Ba a neman gurbin jami'a da ita, ba ta shiga sakamakon makaranta, wanda bai yi abin kirki ba babu mai ce masa kanzil. Amma cikin yaran da ke zama su rubuta ta a watan Oktoba na kowace shekara, akwai waɗanda za su gama digiri iyayensu ba su ciro ko sisi ba, albarkacin abin da suka yi a wannan safiya guda. Sunanta PSAT.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati a jihar Texas, kuma kafin na zo nan na riƙe alli a Zariya. Saboda haka duk inda 'yan uwanmu suka taru, ko a harabar masallaci bayan Juma'a ko wurin suna, sai wani ya ja ni gefe. Bakano ne ko mutumin Maraɗi ko ɗan Zangon Kumasi, tambayar ɗaya ce: "Malam, yaron nan fa ya kusa gamawa, yaya za a yi da kuɗin jami'a?" Nakan fara da tambayar ajin da yake. In aka ce aji 12 sai jikina ya yi sanyi, don a wani ɓangare bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in zauna in warware zancen tun daga tushe.

Dalilin da ya sa ake rububi

Jami'a a Amurka tsada gare ta. A jami'ar gwamnatin jiha, ɗan jihar kan biya wajen dala 11,000 a shekara, kuɗin karatu kawai. Wanda ya fito daga wata jiha ko wata ƙasa yakan biya kusan ninki uku. Jami'o'i masu zaman kansu sun haura dala 40,000, mafiya tsada kuma in an haɗa da ɗakin kwana da abinci sun wuce 80,000. Shi ya sa bashin karatu da ke kan Amurkawa ya haura dala tiriliyan 1.6. Bashin kuwa mai kuɗin ruwa ne, abin da ke hana iyaye Musulmi da yawa barci.

Tallafin da ba bashi ba iri biyu ne. Akwai wanda ake bayarwa saboda rashin hali: a duba abin da iyaye ke samu, a cike gurbin da ya rage. Akwai kuma wanda ake bayarwa saboda ƙwazo, ba ruwansa da ko uban yaro direban tasi ne ko likita. Wannan na biyu shi ne maganarmu, kuma ma'auninsa abu biyu ne: makin da ɗalibi ya tara a aji, da makin jarrabawar bai-ɗaya. Jarrabawar SAT, wadda aka fara a 1926, makinta daga 400 ne zuwa 1600. ACT, wadda aka fara a 1959, daga 1 ne zuwa 36. PSAT ƙanwar SAT ce, hukuma ɗaya ke shirya su, wato College Board, kuma makinta daga 320 ne zuwa 1520.

Daga fiye da miliyan zuwa dubu bakwai

Gasar da ta fi suna ita ce National Merit. Wata hukuma mai zaman kanta da ke Evanston a jihar Illinois ce ke gudanar da ita tun 1955, kuma ba ta karɓar kuɗin gwamnati. Gidauniyar Ford ce ta aza tubalinta da dala miliyan 20, a lokacin da Amurkawa ke kukan cewa yara masu basira da yawa na gama sakandare su tsaya nan. Tun 1971 PSAT ta zama ƙofar shiga gasar. Bill Gates na Microsoft da Jeff Bezos na Amazon duk sun ci wannan kyauta suna samari.

Ba a cike fom na musamman. Ɗalibi ya rubuta PSAT a makarantarsu a watan Oktoba yana aji 11, daidai da aji biyu na babbar sakandare a Najeriya, to ya shiga gasa. Wanda ya rubuta yana aji 10 gwaji ya yi. Wanda ya jira aji 12 ya makara. Dama ɗaya ce tak.

Ɗalibai fiye da miliyan 1 ke shiga kowace shekara. Daga ciki a tsamo kimanin 50,000 mafiya maki. Wajen 34,000 a ba su takardar yabo, a sallame su. Ragowar 16,000 su ne ke kai matakin kusa da na ƙarshe, kuma a watan Satumba na aji 12 ake bayyana sunayensu, kusan shekara guda bayan jarrabawar. Daga nan sai aikin takarda: ɗalibi ya rubuta muƙala a kan kansa, shugaban makaranta ya tsaya masa, a duba sakamakonsa tun daga aji 9, sannan ya kawo makin SAT ko ACT da zai tabbatar cewa na farkon ba sa'a ba ce. Kimanin 15,000 ke haye wannan zuwa matakin ƙarshe a watan Fabrairu. A cikinsu wajen 7,000 ne ke samun kuɗi.

Akwai wani uba, mutumin kirki, da ya ɗauki iyalinsa suka tafi biki wata jiha a makon jarrabawar. Ɗansa yana cikin yaran da ba sa wahalar da ni a lissafi. Da na yi masa magana daga baya sai ya ce, "Wallahi Malam, na ɗauka gwaji ce." Akwai hanyar neman shiga da makin SAT ga wanda rashin lafiya ko wata lalura ta hana shi zama, amma sai an rubuta wa hukumar a kan lokaci, kuma mafi yawan iyaye ba su taɓa jin labarinta ba.

Lissafin da ke ci mini rai

Tun 2023 a kwamfuta ake rubuta PSAT. Tambayoyi 98 ne: 54 na karatu da rubutu, 44 na lissafi. Kowane ɓangare kashi biyu ne, kuma yadda yaro ya yi a kashin farko shi ke sa a ba shi na biyu mai wuya ko mai sauƙi. Wanda aka ba mai sauƙi ba zai kai ƙololuwar maki ba ko da ya ci duka. Don haka yaron da ya fito yana murna cewa ƙarshen jarrabawar ya yi masa daɗi, ni ba na saurin taya shi murna.

Gasar ba ta aiki da jimillar maki yadda take. Sai an ninka makin karatu da rubutu sau biyu, a haɗa da na lissafi, a raba da goma. Abin da ya fito yana tsakanin 48 da 228, kuma da shi ake yanke hukunci. Ga misalin da nake rubuta wa ɗalibaina a allo duk shekara. Ɗalibi na farko ya ci 760 a lissafi, wato bai bar komai ba, ya ci 700 a karatu. Ɗaliba ta biyu ta ci 700 a lissafi, 760 a karatu. Jimillar kowannensu 1460. Amma a ma'aunin gasar shi yana da 216, ita tana da 222. Tazarar nan ta 6 ta isa ta kai ta mataki na gaba a yawancin jihohi, shi kuma a jihohi da dama ya koma gida da takardar yabo.

A matsayina na malamin lissafi abin yana sosa mini rai, amma haka dokar take. Kuma nan ne yaranmu suka fi rauni. Lissafi kam suna ƙoƙari, don iyaye na tsaye a kansa. Karatun littafi don nishaɗi ne babu a gidajenmu da yawa, alhali tambayoyin karatun nan ba a haddace su. Fahimta suke so da yalwar kalmomi, kuma wannan ba ya samuwa da lesin ɗin wata biyu. Shekaru yake ɗauka.

Sannan makin tsallakewa ba ɗaya ba ne a faɗin ƙasar. Ana raba kujeru 16,000 ɗin nan ga jihohi gwargwadon yawan ɗaliban da ke gama sakandare a kowace jiha, sai kowa ya fafata da 'yan jiharsu. A New Jersey da Massachusetts makin yakan haura 220. A Wyoming da West Virginia da North Dakota yakan tsaya wajen 210 ko ƙasa kaɗan. Duk wanda ya san yadda makin shiga kwalejojin haɗin kai na gwamnatin tarayya ya bambanta daga jiha zuwa jiha a Najeriya ya san irin gardamar da wannan ke haifarwa: wasu su ce adalci ne ga jihohin da aka bari a baya, wasu su ce an tauye mai ƙoƙari.

Wani abu ya shafi mutanenmu kai tsaye. Iyaye da yawa na tura yaran da aka haifa a Amurka gida don karatun Alƙur'ani da tarbiyya. Irin wannan yaro, tunda ɗan ƙasa ne, yana da damar shiga gasar daga waje idan ya sami makarantar da ake rubuta PSAT. Sai dai masu rubutawa daga waje ana auna su ne da makin jihar da ta fi kowace tsanani.

Inda kuɗin yake

Mutane kan yi mamaki in na faɗa musu ainihin kyautar. Wadda hukumar ke bayarwa daga aljihunta dala 2,500 ce, sau ɗaya, ga ɗalibai 2,500. Ba za ta biya ko zangon karatu ɗaya ba. Wasu kamfanoni na ƙara nasu, galibi ga 'ya'yan ma'aikatansu. Babban rabo yana wurin jami'o'in da ke farautar waɗannan yara.

Lamarin kamar kasuwar 'yan ƙwallo ne: ƙungiyar da ke son hawa teburi ita ke buɗe jaka ta sayi gwanaye. Jami'ar da ke son sunanta ya ɗaga tana bukatar ɗalibai masu manyan maki, don haka takan yafe musu kuɗin karatu, wani lokaci har da ɗakin kwana da ɗan abin kashewa. Jami'ar Alabama da ta Oklahoma da ta Tulsa da ta Texas reshen Dallas duk sun yi suna da wannan. Jihar Florida ma tana da shiri na musamman da ke ɗauke wa irin waɗannan ɗalibai nata nauyin karatu in sun tsaya a jami'o'in jihar. Sharaɗin da ake yawan mantawa shi ne sai ɗalibi ya sanar da hukumar gasar cewa wannan jami'a ce zaɓinsa na farko kafin wa'adi ya cika.

Su kuwa Harvard da Yale da Princeton da MIT ba sa ba da ko anini saboda ƙwazo. Duk wanda suka ɗauka gwani ne, don haka rashin hali kawai suke dubawa. Ga talaka wannan alheri ne, don in sun ɗauki ɗansa za su iya biya masa komai. Mai matsakaicin samu kuwa yakan tsinci kansa a tsaka mai wuya: ga takardar babbar jami'a da bashi a bayanta, ga ta wadda ba ta kai ta suna ba amma kyauta. Na ga iyalai sun yi makonni suna ja-in-ja a kan wannan. Ra'ayina shi ne, yaron da ke da niyyar karatun likita ko lauya, wanda shekaru masu tsada ke jiransa a gaba, ya karɓi kyautar.

Ko ba National Merit, maki na da farashi

Ba dole sai yaro ya shiga sahun 16,000 ɗin nan ba. Jami'o'i da yawa na wallafa jadawali a shafinsu na intanet: mai maki kaza a aji da maki kaza a SAT ko ACT, ga abin da za a ba shi. Babu hira, babu takardar wani babba. A jadawalin Alabama na 'yan shekarun nan, ɗalibin wata jiha mai matsakaicin maki 3.5 a aji da 32 a ACT ko 1420 a SAT yana samun fiye da dala 25,000 a shekara. A irin wannan tsari ƙarin maki ɗaya a ACT na iya ɗaga yaro daga wani layi zuwa na sama, bambancin ya kai dubban daloli cikin shekara huɗu. Kuma SAT da ACT ana maimaita su, jami'o'i da yawa ma sukan ɗauki mafi kyawun makin kowane ɓangare daga zama daban-daban su haɗa.

Wasu jihohi na da nasu shirin. Georgia ta fara HOPE a 1993 zamanin Gwamna Zell Miller, ga ɗalibi mai matsakaicin maki 3.0. A 2011 aka ƙara mataki na sama mai sunan gwamnan, wanda ke biyan kuɗin karatu duka a jami'o'in jihar, amma yana neman 3.7 a aji da 1200 a SAT. Florida ta fara Bright Futures a 1997: matakin sama na biyan kuɗin karatu duka, na ƙasa kashi 75 cikin 100, kuma ban da maki ana neman awoyin aikin sa-kai ko na albashi. Louisiana na da TOPS wanda ya dogara da ACT. Yana da kyau mai karatu ya sani cewa shirin Georgia da na Florida da ribar cacar da gwamnatin jiha ke gudanarwa ake biyan su. Akwai iyayen da wannan ke damu, sukan nemi fatawa kafin su karɓa.

Samun tallafin ma ba shi ne ƙarshe ba, sai an riƙe shi. A Georgia, mai matakin sama dole ya ci gaba da samun 3.3 a jami'a. Yaro ya shagala shekara ɗaya, kuɗin ya tsaya.

Ma'aunin na adalci ne?

Ba zan ce muku ma'aunin nan ba shi da karkata ba. A 2023 masu bincike na cibiyar Opportunity Insights da ke Harvard sun nuna cewa 'ya'yan kashi 1 cikin 100 mafiya arziki a Amurka sun ninka 'ya'yan talakawa sau 13 wajen samun 1300 ko fiye a SAT ko kwatankwacinsa a ACT. Ba wai an haife su da ƙwaƙwalwa ta daban ba ne. Makarantun unguwarsu sun fi kayan aiki, gidansu cike da littattafai, ga malamin lesin, ga kuɗin maimaita jarrabawa. Sakamakon haka, tallafin ƙwazo yakan faɗa hannun wanda ko babu shi zai yi karatu.

Ƙorafin ba sabo ba ne. A 1994 ƙungiyar FairTest ta kai ƙara gaban ma'aikatar ilimi cewa PSAT na tauye 'yan mata, don sun fi yawa a ɗakin jarrabawa amma maza sun fi su cin kyautar. Aka yi sulhu, aka ƙara ɓangaren rubutu a 1997. A 2005 Jami'ar California ta janye kuɗinta daga gasar, tana cewa jarrabawa ɗaya ba ta isa ta auna cancanta ba. Jami'ar Texas ta Austin ma ta janye bayan 'yan shekaru, ta mayar da kuɗin ga masu ƙaramin ƙarfi.

Lokacin annobar korona a 2020 yawancin jami'o'i suka daina tilasta kawo maki, har aka ɗauka zamanin jarrabawar ya wuce. Sai MIT ta dawo da ita a 2022, Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka bi sahu a 2024. Hujjar da wasunsu suka bayar ta ja hankalina: idan babu maki, ɗan talaka mai basira daga makarantar da ba a sani ba ya rasa abin da zai nuna, shi kuwa ɗan mai hali yana da muƙalar da aka goge masa da tarin ayyukan da kuɗi suka saya.

A nan nake tsaye. Ma'aunin yana da karkata, amma a rubuce yake, kowa na iya karanta shi. Mu da muka san yadda neman tallafin karatu kan koma neman ubangida, mun san darajar tsarin da zai ce maka ga lamba, in ka kai ta kuɗin naka ne. Abin da ɗan mai kuɗi ya fi ɗanka da shi, kaso mai yawa sani ne da wuri, kuma wannan ba a sayar da shi.

Ga wanda ke gida

Ɗalibin da ke Kano ko Damagaram, wanda ba ɗan Amurka ba kuma ba shi da takardar zama ta dindindin, ba ya cikin gasar National Merit, haka nan shirye-shiryen jihohi na mazauna jihar ne. Abin da ya rage masa shi ne SAT ko ACT, waɗanda ake rubutawa a cibiyoyi a manyan birane. Wasu jami'o'i, ciki har da Alabama, suna ba ɗaliban waje tallafi bisa maki. Cibiyoyin EducationUSA da ke Abuja da Legas na ba da shawara kyauta. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 'yan Najeriya kimanin 20,000 ne ke karatu a Amurka. Sai dai a yi lissafi da idon basira: yafe kuɗin karatu bai haɗa da ɗaki da abinci da inshorar lafiya da tikitin jirgi ba, kuma ƙa'idojin biza na sauyawa, a duba halin da ake ciki kafin a kashe ko kwabo. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo wa yaro tallafi, ko ya gyara masa maki, ɗan damfara ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyayen da ke Amurka, tun yaro yana aji 8 ko 9 a yankar masa katin laburaren unguwa, kyauta ne, a sa shi karatu kullum ko da rabin awa. A aji 10 ya rubuta PSAT ta gwaji don a ga inda yake da rauni. Hutun da ke gaban aji 11 ya zauna da darussan Khan Academy da jarrabawoyin gwaji na manhajar Bluebook, su ma ba a biyan komai. A farkon Satumba uba ko uwa su taka da ƙafarsu zuwa ofishin mai ba ɗalibai shawara, su tabbatar an sa sunan yaro, su rubuta ranar a bango, kada a sa biki ko tafiya a makon. Wanda kuma ya riga ya san wannan hanya, don Allah kada ya yi shiru: ya faɗa wa maƙwabcinsa tun ɗansa bai kai aji 11 ba.